Babban Likita na Gadon Bakin Taga

Litinin, 4 ga Mayu

Ni ne Babban Likitan wannan asibiti, ubangidan duk wani mai farar riga tun daga bakin ƙofa har ɗakin tiyata. Daga yau zan riƙa rubuta halin ma'aikatana, don in san wanda zan ɗaga da wanda zan kora.

Ofishina yana ɗakin maza masu karaya, gadon ƙarshe, bakin taga. Saboda tsabar darajata hukuma ta sa an huda ƙashin ƙafata an zura ƙarfe, an ɗaura igiya, an rataya nauyi a ƙarshen gado, don kada wani asibitin ya sace ni. Ba na tashi. Mu manya zuwa ake yi wurinmu. Ko fitsarina sai an zo da roba an roƙa.

Abin da nake gani daga ofis: silin mai tabon ruwa, fanka ɗaya da ke juyawa kamar an yi mata dole, sai rufin ɗakin wanki ta taga. Wanda ya buga kwanon nan bai san aikinsa ba. Ya bi kwarin kwano yana dasa ƙusa maimakon tudu, ruwan farko zai shiga. Yadda aka yi Babban Likita ya san haka ba ruwan kowa.

Ma'aikatan da ke ƙarƙashina uku ne. Sista Babba, wadda ko fanka tana rage ƙara in ta shigo. Ƙaramin likita, na sa masa suna Gobe, don komai ka tambaye shi sai ya ce sai gobe mu gani. Sai nas ɗin da nake kira Sauri, tana gaishe ka a gadon farko, amsarka ta same ta a bakin ƙofa. Su kuma Shaƙiyyi suke ce mini. Rashin ladabi ya yi yawa a wurin nan.

Laraba, 6 ga Mayu

An kawo sabo, wani tela, mota ta murƙushe masa hannu. Babba da shi, yana kuka yana kiran yaransa. Ina ji Sauri ta ce wa masu tura gado su kai shi kusa da Shaƙiyyi, zai warware. Haka suke yi. Duk wanda ya shigo a firgice, gefena ake ajiye shi, kamar yadda ake kai sanyin jiki kusa da wuta.

To, na yi aikina. Na ɗauki cokali na ɗora a ƙirjin filo, na ɗaure fuska irin ta Gobe, na ce wa filon sai gobe mu gani. Na kwaikwayi tafiyar Sista Babba da yatsu biyu a kan bargo. Tela ya yi dariya har ya riƙe hannun yana cewa in bari don Allah. Sauri ta leƙo ta ce ni ne maganin ɗakin nan, da za a sallame ni sai sun ƙara allura.

Kowa ya ji daɗi. Da suka yi barcin rana na koma ga silina.

A hagu kuma Baba Direba ne, ƙugu ya karye, ciki lafiya lau. Mun yi yarjejeniya. Umma ta kawo abinci, in ce mata ruwan nan ya yi ɗumi ta samo mai sanyi, kafin ta dawo kwano ya je wurinsa ya dawo wayam. Ranar farko ya ce, ɗana, ka tabbata? Na ce an hana manyan likitoci cin abincin gida. Bai sake tambaya ba.

Ba wai ina azabtar da kaina ba ne. Abincin ne kamar garin katako a baki.

Alhamis, 7 ga Mayu

Fanka ta tsaya. Ni da ita, kowa yana kallon kowa.

Asabar, 9 ga Mayu

Wankin ciwo. Gobe ya zo, ya ɗage bargo, ya gaida ƙafata. Ya daɗe suna hira da ita, ya danna nan, ya shinshina can, ya girgiza mata kai. Ni da ke maƙale a jikinta ko kallo ban samu ba. Na ce, Likita, maigidan ƙafar yana gaisuwa. Ya yi murmushi yana rubutu ya ce ai ni ba ni da matsala, da duk marasa lafiya irina ne da aiki ya yi sauƙi.

Ya ja Umma baranda. Ya manta taga a buɗe take. Ya ce mata ƙashi yana ƙoƙari, amma ramin ciwon ya ƙi cikowa, nama ba ya tasowa, su ma sun rasa dalili. In aka ci gaba a haka za a fara maganar yankewa.

Umma ta shigo ta wanke fuska, har da jiƙa bakin mayafi, wai zafi. Ta ce likita ya ce ana samun sauƙi. Na ce ai na sani, ni na koya masa aikin. Ta yi dariya, na yi dariya. Mu biyu muna yi wa juna ƙarya a kan ƙafa ɗaya.

Hukunci: Gobe ya iya ƙafa. A tura shi ya koyo fuska.

Lahadi, 10 ga Mayu

Wasu baƙi sun zo gaida Babban Likita, wani maigida mai aikin rufi da yaransa. Sun zo da ƙurar aiki a gira. Wai ginin da na faɗo daga kansa an gama rufa shi, an samu wani yaro mai ƙafar biri yana hawa. Maigidan ya ce in yi sauri in warke, wurina yana nan. Yana faɗa yana kallon igiyar.

Na ba su labarin yadda na faɗo, na ƙara gishiri, na ce tun a iska na yi wa ƙasa sallama ba ta amsa ba. Har na gadon tsakiya suna roƙon in maimaita.

Da suka tafi na hango Umma a baranda tana naɗe tabarmar da take kwana a kai. Sai da ta dafa bango ta miƙe. Ta bar gida, ta bar ƙannena a hannun maƙwabta, ta zo tana zubar da robar ƙato. Ni da na ce mata bana za ta huta.

Wa ke ɗaukar mai ƙafa ɗaya ya hau rufi.

Talata, 12 ga Mayu

Yau na gwada. Wallahi na gwada.

Sauri tana ɗaura mini abin awon jini a hannu, na ga dole ta tsaya wuri ɗaya har ya gama hurawa. Na rage murya na ce, Sista, na gaji. Da zan rufe ido a ƙi ganin na buɗe, da kowa ya huta.

Baba Direba ya ji. Ya ce to in zan tafi in bar masa wasiyyar kwano. Ɗaki ya kwashe da dariya. Sauri ta buge ni a kafaɗa ta ce ni dai ba na rabuwa da shaƙiyanci, ta kwance abinta ta wuce.

Ni ma na yi dariyar. Me zan yi? Na gina wa kaina ɗaki da barkwanci, na manta ban bar ƙofa ba.

Alhamis, 14 ga Mayu

Ashe Sauri ta ɗan ji wani abu. Ta dawo yau da tiren magani a hannu, ta tsaya a ƙafar gado, ta ce maganar shekaranjiya ko da wasa kada in ƙara. In yi haƙuri. In dubi na gado na biyu, ƙafa biyu ya rasa yana godiya. Kuma ni da na yi karatun allo, ina tawakkalina? Duk a numfashi ɗaya, ɗaki yana saurare.

Ba mugunta ba ce, na sani. Yarinyar kirki ce, gado ya fi ashirin a kanta ita kaɗai. Amma ayoyin da take nufi suna bakina, na fi ta sanin inda suke. Ina karantawa. Ƙirjin ne kamar an ɗora buhun siminti, karatun yana bi ta sama ya wuce.

Yanzu bayan nauyi ga kunya. Na ce mata an ji, Malama, a sa mu a addu'a. Ta tafi da farin cikinta ta gyara ni.

Hukunci: ba za a kore ta ba. A saya mata kujera.

Juma'a, 15 ga Mayu

Na ba Tela tef ɗin awona, na ƙarfe, mai komawa da kansa. Yana aljihuna ranar da na faɗo, ko kwarzane bai yi ba. Ya ce me zai yi da tef ɗin kafinta, na ce ya riƙa auna masu ƙiba. Ya karɓa yana dariya.

Wayata kuma na ce Umma ta kai wa ƙanena, tana damuna da ƙara.

Akwatin gefen gado ya zama fili. Na ji wani iri, kamar sauƙi.

Litinin, 18 ga Mayu

An kama mu, ina jin.

Da safe Sista Babba ta tsaya tsakanin gadona da na Baba Direba. Ta dubi kumatunsa, sun yi luhu-luhu har maɓallin riga yana neman ceto. Ta dubi wuyan hannuna. Ta ce, Baba, asibiti ya karɓe ka. Ya ce ai kulawarku ce, 'yata.

Da rana na aiki Umma ruwan sanyi, kwano ya kama hanya. Ina ɗaga ido sai ga Sista Babba a bakin ƙofa, hannu a baya. Ta ga zuwansa, ta ga dawowarsa.

Na shirya. Na tanadi amsoshi uku masu ban dariya don in ta fara faɗa a gaban jama'a. Ta juya ta tafi.

Wannan ya fi faɗan ban tsoro.

Talata, 19 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Bayan azahar aka zo aka tura Baba Direba ɗaukar hoto, hoton da shi kansa bai san da shi ba. Tela yana wurin gashin hannu. Umma kuma an ce ta je ta kwanta a ɗakin hutun nas-nas, umarni ne. Sai ga Sista Babba da 'yar kujera. Ta ja labule ya zagaye mu. Ta zauna. Tunda na zo wurin nan hancin mutane nake gani ta ƙasa, yau na ga fuska daidai da tawa. Ashe tana da furfura a gira.

Na ce, ranki ya daɗe, in ƙarin girma kike nema sai kin cika takarda. Ta ɗan murmusa. Ta gyara zama.

Ta tambaye ni yaushe rabon da in ji daɗin abinci. Na ce tun da aka daina yi mini yanka. Ta jira. Na kawo wata, ta jira. Na kwaikwayi Gobe, ta jira. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Barkwancin ya ƙare mini kamar ƙusa a tsakiyar aiki, na laluba aljihu babu.

Ta ce ba faɗa ta zo yi ba, kuma ba ta da inda za ta yanzu. Ta tambayi barci. Ta tambayi abin da nake tunani in ɗaki ya yi tsit. Ta ce ta ga tef ɗina a hannun Tela. Sannan ta dube ni ta ce:

"Ɗana, kana tunanin gara ka mutu?"

Haka, ba kwana. Na zaci silin zai faɗo. Na ce eh.

Ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ba ta kawo mini na gado na biyu ba. Ta ce tun yaushe. Ta ce ko na shirya yin wani abu bayan ƙin cin abincin. Na ce a'a, ina dai jira ne jiki ya gaji ya bar ni. Daga nan ban san abin da ya ɓalle ba. Na faɗi maganar taga, da tabarmar Umma, da yaro mai ƙafar biri. Na yi kuka irin mai majina. Ta miƙo audugar ciwo, ita ce a aljihunta.

Da na lafa ta ce:

"Na gode da ka gaya mini. Kuma mu ma da namu laifin. Mun ga kana dariya muka ɗora maka ɗaki guda, ba wanda ya tambaye ka."

Na ce kada ta gaya wa kowa. Ta ce ɗaki ba zai ji ba, wannan alkawari ne. Amma ba za ta yi mini ƙarya ba, dole likita ya sani, da wata ma'aikaciya da aikinta ke nan, kula da masu ciwon damuwa. Na ce ni ba mahaukaci ba ne. Ta ce ta sani, ciwo ne da ke kama mai hankali, kuma ana jinyarsa. Umma kuwa, ni zan zaɓa: in faɗa da kaina, ko ta zauna tare da mu.

Na ce, Sista, za a yanke?

"Ban sani ba," ta ce. "Abin da na sani, naman da ba a ba shi abinci ba ba ya cikowa. Wannan kaɗai ke hannunmu, ni da kai."

Da za ta tashi ta tambaya ko ta buɗe labulen ko ta bar shi tukuna. Na ce ta bari. A wurin nan ba a taɓa tambayata ko da wane gefe nake so a juya ni ba.

Laraba, 20 ga Mayu

Na kori Sista Babba daga aiki. Ta sa na zubar da girmana a gaban kujera. Ta zo da safe kamar ba a kore ta ba, ta ajiye shayi rabin kofi, ta ce ba dole, za ta dawo ta gani.

Alhamis, 21 ga Mayu

Matar damuwa ta zo. Ba farar riga, ba allura, jaka kawai. Ta fi ni iya shiru. Ta ce za ta riƙa zuwa, kuma akwai magani in an ga da buƙata, amma sai an yi shawara da ni. Ta ce ranar da tunanin ya yi ƙarfi in gaya wa duk nas ɗin da ke aiki, an sanar da su yadda za su yi. Na tambaye ta ko ita ma tana da wanda take gaya wa nata. Ta ce akwai, ba a yin aikin nan ba tare da shi ba.

Gobe kuma, Allah Sarki. Ya zo ya tsaya, ya buɗe baki, ya ce ina kwana, ya jikin, kai nake nufi ba ƙafar ba. Da gani an yi masa bita. Don ya nuna ya koyi zama sai ya zauna a bakin gado, ya ture igiya, nauyi ya yi lilo, na ga taurari da rana tsaka. Ya yi ta ba da haƙuri har gumi. Amma ya zana mini ƙafar a bayan takarda, ya nuna inda ramin yake, da abin da suke jira su gani, da lokacin da za a yanke shawara. Ni ya gaya wa, ba baranda ba.

Abin tsoro ne. Amma ya fi wanda nake zanawa a silin ƙanƙanta.

Asabar, 23 ga Mayu

Na gaya wa Umma. Sista Babba tana zaune a gefe.

Na zaci za ta fasa kuka ko ta ce na ba ta kunya. Ta daɗe tana murza bakin mayafi. Ta ce ta sani. Wai tun ina yaro ban taɓa cinye kwano tas ba, kullum sai na bar ɗan wani abu a gefe, ko na mage ne. Nan kuwa kwano yana dawowa kamar an wanke. Ta san ba cina ba ne. Tsoro ya hana ta tambaya, kada in amsa.

Na ce na zame mata kaya. Ta ce, kai, rufe mini baki, ni na ce maka na gaji? Sannan ta ce bayanta dai yana ciwo, gaskiya ne. Sista ta ce za a nemo mata katifa.

Da yamma aka kawo wani sabo yana rawar jiki. Sauri ta fara cewa a kai shi kusa da, sai ta tsaya. Ta zo har kaina ta sunkuya ta ce, kana so, ko a bar ka yau? Na ce a bar ni yau. Ta ce to. Ta ja kujera ta zauna wurinsa da kanta, ƙafarta tana karkarwa kamar za ta gudu, amma ta zauna.

Ɗaki bai rushe ba.

Litinin, 25 ga Mayu

Baba Direba ya daina gaishe ni. Wai an yi masa juyin mulki, ya rame a tsaye, alhali a kwance yake. Na bar masa ɓawon burodi don zumunci.

Ƙwai ɗaya na ci da rabin shayi. Ba wai yunwa ba. Umma ce ta tsare ni da ido, kuma ƙwan ya riga ya fashe. Jiya nauyin ya dawo da rana, sosai, na kira Sauri na faɗa mata. Ba ta yi wa'azi ba. Ta zauna har ya ɗan sauka, ta kira matar jaka.

Gobe ya ce bakin ciwon ya fara ja, alama ce mai kyau, amma kada in riƙe shi da alkawari. Sai gobe mu gani. Wannan karon ban kwaikwaye shi ba. To, sau ɗaya, bayan ya fita.

An sallami Tela. Ya zo sallama da tef ɗin a aljihun gaba. Na ce ya kawo, aro na ba shi, bai ji da kyau ba ne. Ya dube ni, ya ajiye a kan akwatin. Ba wani abu zan yi da shi ba. Akwatin ne ya yi fili da yawa.

An gyara fanka.

Sauran magana ɗaya, tunda ba mai karantawa sai ni. Babu wani Babban Likita a gadon bakin taga. Na gaskiyar ban taɓa ganinsa ba, an ce yana sama a ofis mai sanyi. Mai rubutun nan kafinta ne, mai buga kwanon rufi, ɗan fari a wurin Umma, wanda bai wuce allo ba, ko wannan rubutun a waya ya koya. Ya faɗo daga rufi, yana jin tsoro, bai san ko zai fita da ƙafa biyu ba. Duk wanda ya kora ya dawo bakin aikinsa.

Amma wanda ya buga rufin ɗakin wankin can, ina son ganinsa kafin damina. In Allah ya sa na hau, in nuna masa. In ban hau ba, shi ya sauko.